Ganyen Da Aka Kafe a Ƙofar Razik

Somapala bai taɓa tuƙa mota ba. Shekara talatin da huɗu ya yi yana dillancin motoci a bakin titin da ya fita daga Kurunegala ya nufi Colombo, kuma har ya bar duniya bai zauna bayan sitiyari ba. Idan aka tsokane shi a kan haka, sai ya ce shi aikinsa sauraron mota ne, mai tuƙi kuwa ba ya jin komai sai son da yake yi mata. A ƙafa yake yawo, da baƙar lema a hammata, ko ana ruwa ko ba a yi. Shi ya sa duk titin ba a san shi da wani suna ba sai Mai Lema.

Benci ɗaya muka zauna da shi a makarantar mishan, daga aji ɗaya zuwa aji biyar. Mahaifinsa ne ke kawo itace a amalanken shanu zuwa kicin ɗin makarantar, sai Rabaran, shugaban makarantar, ya ba yaron gurbi kyauta. Har yau ina iya ganin ajin: tagogi uku masu katako, ƙararrawar tagulla a jikin tsamiya, da warin tawadar da muke dama wa kanmu kowace Litinin. A lissafin ka Somapala ya fi kowa, ni kuma na fi kowa kyan rubutu. Saboda yatsuna ba sa rabuwa da shuɗi, shi ne ya laƙaba mini Tawada, sunan ya bi ni shekara biyar. Da mahaifinsa ya kwanta ciwo, sai kawunsa ya ɗauke shi zuwa kasuwar shanu. Ni na ci gaba, na zama malami, na zama hedimasta, na yi shekara talatin da takwas ina aiki. Tun ranar da ya fara ganina da dogon wando ya koma kirana Mahattaya, kamar yadda ake kiran masu ofis, ni kuma ban taɓa hana shi ba.

Daga shanu ya koma kekuna, daga kekuna ya koma manyan motocin ɗaukar kwakwa, daga nan ya sauka a kan ƙananan motoci. Ba shi da shago, ba shi da allo mai sunansa. Yana da kujera ɗaya a shagon mai shayi da ke kusa da gada, da maganaɗisu ƙunshe a hankici, da ƙullin ganyen bulat a ɗaurin zanensa, wanda yake taunawa kamar goro tun safe har bakinsa ya yi ja. Da wannan ya aurar da 'ya'ya mata uku, ya rufa ɗakinsa da tayal.

Ganyen nan shi ne jarinsa. Tsofaffin dillalan titin sun taho da al'adar daga kasuwar shanu, inda ake soke ganye a igiyar san da aka yi ciniki. Idan dillali ya daidaita da mai filin sayar da motoci a kan mota, sai ya zaro ganye ɗaya ya saƙale a ƙarƙashin waifar gilashin gaba. Daga wannan lokaci har ganyen ya bushe, wato kwana uku ko huɗu, mai fili ba zai sayar wa kowa ba ko an ninka masa kuɗin, mai saye kuma ba zai janye ba. Ba a rubuta komai, ba a ba da kafin alƙalami. Idan mai saye ya saɓa, dillalin da ya kawo shi ne ke ɗaukar abin. Mai fili zai kafe busasshen ganyen da ƙusa a jikin ginshiƙin ƙofarsa, kuma muddin yana nan a kafe, babu filin da zai sake karɓar ganyen wannan dillali a duk tsawon titin. A shekara talatin da ya yi kafin abin da zan faɗa, ba a taɓa kafe na Somapala ba.

A shekarar 2011 gwiwoyin matata Beatrice suka ƙi hawa bas. Asibiti duk bayan mako biyu, coci duk Lahadi, kuma gidanmu mil huɗu ne daga gari. A lokacin kowa yana ɗaukar mota a lisin: ka ba da wani kaso a hannu, kamfani ya biya sauran, kai kuma ka riƙa biyansa wata-wata, takardun motar suna wurinsu har ka gama. Ɗanmu da ke Doha ya aiko da kason farko, fanshona kuma zai ɗauki na wata. Abin da ya rage shi ne a sami mota mai lafiya da kamfanin da ruwansa bai yi yawa ba. Na yi mako uku ina yanko tallace-tallace daga jarida ina jera su a fayil. Beatrice ta duba fayil ɗin, ta rufe, ta ce in je wurin Somapala.

Na same shi a kujerarsa yana shan baƙin shayi da gutsuren mazarƙwaila. Ya miƙe, ya goge mini kujera da hankicinsa, ya tambaya ko Mahattaya ɓatan hanya ya yi. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, bai tambayi nawa gare ni ba. Ya tambayi tsayin dakalin ƙofarmu, da wace gwiwa ce ta fi damun Beatrice, da ko hanyarmu tana riƙe ruwa da damina. Sannan ya gindaya mini sharuɗɗa uku: in zo a bas, in ɗaura zane kamar kowa, kada kuma in buɗe baki, musamman da Turanci.

"Wando yana ƙara wa mota tsada, Mahattaya," in ji shi. "Turanci ya ƙara wani. In ka haɗa su da taye, ko safaya sai an sayar maka daban."

A gida ina ɗaura zane kowace yamma, amma rabona da in fita titi da shi tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Ranar Litinin, ashirin da shida ga Satumba, na ɗaura zane na bi Somapala. Muka shiga fili huɗu bai tsaya ba. A na biyar, filin wani mudalali, wato babban ɗan kasuwa, mai suna Razik, ya tsaya a gaban wata ƙaramar mota ruwan toka mai ɗan tsayi, irin wadda tsohuwa za ta shiga ba tare da ta durƙusa ba.

Razik ya taso daga ƙarƙashin mangwaro yana gyara hularsa. "Mai Lema, yau wa ka kawo mini in yanka?"

"Ɗan'uwana ne daga ƙauye, mudalali. Kurma ne, kada ka wahalar da bakinka."

Razik ya dube ni sama da ƙasa, ya ɗaga mini hannu kamar yadda ake gaida kurma, ni kuma na ɗaga masa. Na tsaya gefe ina kallon Somapala yana aikinsa. Ya bi jikin motar da maganaɗisun nan daga fitila zuwa fitila, yana neman inda ba zai kama ba, don nan ne aka yi ciko aka shafe da fenti. Ya ɗaga kafet ya sansana. Ya zaro ma'aunin mai, ya murza baƙin man tsakanin yatsunsa. Ya sa aka tayar da injin, ya kafa tsinin lemarsa a jikinsa, ya ɗora kunne a kan mariƙin, ya rufe ido. Ya fi minti biyar a haka. Daga nan suka zagaya bayan mangwaro shi da Razik, na riƙa jiyo rantse-rantse da dariya, da Razik yana cewa a kai shi gidan marayu kawai tunda an gama da shi. Da suka fito, Somapala ya kwance ƙullinsa, ya zaɓi ganye mafi faɗi, ya saƙale a waifa.

A hanyarmu ta zuwa tashar bas ya yi mini bayani. Sai Alhamis za mu dawo, ashirin da tara ga wata. Akwai wani jami'in kamfanin lisin da ya sani, wanda in wata ya zo ƙarshe bai cika adadin motocin da aka ɗora masa ba, yakan sauke ruwa ƙasa yadda ba zai yi a farkon wata ba. Somapala ya san adadin kowane jami'i a garin, ya san wanda ya cika da wanda ke zufa. Ya ce in je in huta, ganye na tsaron motar.

Muna tsaye a tasha sai wani saurayi mai farar riga da taye ya tsallako titi daga wani sabon shagon motoci mai bangon gilashi. Thushara ne, ɗalibina na dā, wanda na taɓa ba kyautar Turanci a gaban iyaye. Ashe shi ne manajan wurin. Ya sunkuya ya taɓa ƙafata, ya gaishe ni da Turanci mai kyau, irin wanda na koya masa. Sai na ga idonsa ya sauka kan zanena da silifas ɗina, ya koma kan jan bakin Somapala. Ya tambaye ni, da Turancin dai, ko mutumin nan yana damuna ne.

Na ce a'a, wani ne kawai da yake nuna mini inda ake hawa bas.

Da Turanci na faɗa. Somapala ya yi shekara biyar a hannun Rabaran, kuma kunnen da ke jin ciwon inji ta cikin lema ba zai kasa jin wannan ba. Ya buɗe lemarsa, duk da babu rana sosai, ya matsa taku uku ya tsaya yana kallon titi. Da bas ya zo ya riƙe mini ƙofa, ya ce sai Alhamis, Mahattaya.

Washegari Thushara ya zo gida da wata farar mota, da takardu masu sheƙi. Ya ɗauki Beatrice ya zagaya da ita har coci ya dawo. Ya ce bai dace mutum kamata ya riƙa bin masu tauna ganye a cikin ƙura ba, alhali yana da ɗalibi mai ofis. Bai yi mini ƙarya a kan komai ba, dole in faɗi wannan. Ya nuna mini ruwan kamfaninsu a rubuce, na kuma ga ya ɗan fi wanda Somapala ya ambata. Ranar Laraba na sa kwat da taye na je shagon gilashi, aka ba ni shayi a kofi mai faranti, na karanta shafi goma sha huɗu layi-layi, na gyara musu kuskuren rubutu biyu, na sa hannu.

Rabaran ya rene mu a kan cewa mutum yana ɗaure ne da abin da ya sa wa hannu, kuma da wannan na gudanar da makaranta shekara da shekaru. Da shi kuma na lallashi kaina a ranar. Ban sa hannu a komai ba a filin Razik. Ban ba da ko rupi ɗaya ba. Ban ma yi magana ba, tunda kurma ne ni. Da na shigo da farar motar cikin gida, Beatrice tana zaune a baranda. Ba ta taso ba.

"Ganyen fa?" ta ce.

"Ganye ba takarda ba ne."

Ta ce to. Ran Lahadi da za mu coci na buɗe mata ƙofar gaba, ta wuce ta buɗe ta baya da kanta. A baya ta ci gaba da zama.

Ban je ranar Alhamis ba, ban kuma aika ba. Ran Juma'a na zauna a gaban tafireta na buga wa Somapala wasiƙa da Turanci, ina gode masa a kan ɗawainiyarsa, ina sanar da shi cewa na yi wani shiri dabam. Na sa kuɗi a ciki, gwargwadon abin da na ƙiyasta la'adarsa, na kai gidan waya. Bayan kwana shida ambulan ɗin ya dawo. Kuɗin suna nan, wasiƙar tana nan an ninke ta yadda na ninke, babu ko kalma ɗaya da aka ƙara. Sai ɗan jan tabo na babban yatsa a gefen takardar.

Motar ba ta taɓa ba ni matsala ba. Na sha fatan ta lalace a hanya, ko a gano an yi mata ciko, don in sami abin da zan kira sakayya in huta. Ba ta yi ba. Har yau tana tashi da bugu ɗaya.

Sai a watan Nuwamba na san abin da ya faru. Na ajiye Beatrice a asibiti, na bi ta bayan babbar tashar bas neman inda zan tsaya, sai na hango baƙar lema a tsakanin tsofaffin babura da kekuna masu ƙafa uku. Somapala ne a tsugune, yana bin tankin wani babur da maganaɗisunsa, wasu samari biyu suna tsaye a kansa suna duba wayoyinsu. Ban tsaya ba. Na wuce shagon mai shayi na kusa da gada, na ga wani a kan kujerarsa. Mai shayin bai san ni ba, don haka ya ba ni labarin yadda yake ba kowa. Ranar Talatar nan wani mutum ya zo daga Puttalam da kuɗi a jaka yana son motar ruwan toka, Razik ya nuna masa ganye ya sallame shi. Ran Alhamis Mai Lema ya zo da jami'in kamfani tun ƙarfe tara. Jami'in ya gaji ya tafi da azahar, shi kuwa ya zauna a ƙarƙashin mangwaro har aka rufe ƙofa. Aka tambaye shi ina mai sayen, ya ce laifinsa ne, shi ne bai auna mutum daidai ba. Bai faɗi sunan kowa ba. Ran Asabar Razik ya kafe ganyen.

Na tambaya, kamar mai son jin labari kawai, ko ba a cire irin wannan ƙusa. Mai shayin ya ce ana cirewa, amma sai wanda ya saɓa ya zo da kansa da rana tsaka, ya faɗi abin da ya yi a gaban dillalai, ya cire da hannunsa. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin an yi ba. Masu saye ba sa dawowa.

Na biya kuɗin shayina na tafi. Na so in rubuta cewa washegari na je, amma ba haka aka yi ba. Wata biyar na ƙara. Na canza hanyar zuwa asibiti don kada in bi ta ƙofar Razik, abin da ya ƙara mini mil biyu da rabi kowace tafiya. Na tsara wasiƙu uku zuwa ga Razik ban aika ko ɗaya ba, don na san amsar da takarda za ta samu a titin nan. Somapala kuwa bai aiko kowa ba. Sau biyu muka haɗu a kasuwa, ya sauke lema ya ce Mahattaya yana lafiya, ya tambayi gwiwar uwargida, ya wuce.

Da sabuwar shekararmu ta watan Afrilu ta zo, tsofaffin ɗalibai suka yi ta shigowa kamar kullum, kowa da damin bulat mai ganye arba'in. Su miƙa mini da hannu biyu, su durƙusa su taɓa ƙafata, su nemi gafarar abin da suka yi mini a shekara, ni kuma in dafa kansu. Shekara arba'in ke nan ana yi mini haka. Thushara ma ya zo, ya tambayi lafiyar motar. Kafin la'asar teburin falo ya cika da ganye, ni da ba na taunawa. Beatrice ta zo tana tattarawa don rabawa maƙwabta, ta tsaya da dami ɗaya a hannu, ta ce ita dai tana mamakin mutumin da ya karɓi ganye da yawa haka a rayuwarsa bai taɓa sanin nauyin guda ɗaya ba. Ba ta jira amsa ba, ta shige kicin.

Filayen motoci suka buɗe bayan hutu. Ranar Alhamis, goma sha tara ga wata, na shirya. Na ɗauko zane, na mayar. Da zane na zo a ɓoye, kuma in na koma da shi, kurman ƙauye ne zai cire ƙusar. Na sa kwat ɗina na rabon kyaututtuka da taye. Na biya kasuwa na sayi damin bulat da kuɗina, karo na farko a rayuwata, na bar motar a gida na hau bas.

Ƙusoshi huɗu ne a jikin ginshiƙin. Uku sun tsufa sun zama ɗaya da katakon. Ta huɗun tana da ɗan baƙin abu a maƙale da ita, kara da guntun ganye kamar fiffiken ƙwaro. Razik ya taso daga ƙarƙashin mangwaro, ya tsaya yana kallona.

"Ikon Allah. Kurma ya sami wando."

Na ce na zo cire ƙusa. Ya ce ya gane ni tun ranar farko, 'ya'yansa biyu a hannuna suka yi karatu. Ya ce ya sha gaya wa Mai Lema ya je ya taho da ni a gama, shi kuma ya ce hedimasta ba ya cire ƙusa, a bar maganar. Razik ya ce shi ba ya jin daɗin ganin ganyen nan kowace safiya, amma in ya cire da kansa, gobe ba wanda zai ƙara tsoron ganye, kuma titin gaba ɗaya a kan ganye yake tsaye. Ya aika a gaya wa mutanen shagon shayi, ya miƙo mini filaya.

Suka zo su goma sha ɗaya, wasu da kofuna a hannu. Na ƙirga su, don ban iya kallon fuskokinsu ba. Na faɗi sunana da aikin da na yi. Na ce ni ne mutumin da Somapala ya saka wa ganye ranar ashirin da shida ga Satumba, na saɓa ba tare da wani uzuri ba, kuma ya auna mota daidai, ya auna kamfani daidai, babu laifinsa ko kaɗan. Da harshenmu na faɗa.

Wani mai furfura a gefen kunne, wanda daga baya na gane na taɓa koyar da shi a aji bakwai, ya ce, "Malam, ba mu ji na ƙarshen ba. A maimaita da ƙarfi, a kuma rubuta sau ɗari kafin a tashi."

Aka yi dariya. Na maimaita. Sannan na juya ga ƙusar. Ta yi tsatsa, damina ta bi ta kanta, ni kuma ban taɓa riƙe filaya da niyyar aiki ba. Ta zame mini sau shida. Na ƙuje bayan hannuna a jikin katako, taye ya riƙa shiga tsakanina da aikin har na jefa shi bayan kafaɗa. Ba wanda ya taimaka, don ba a taimakawa. Tun suna ba ni shawara cikin tsokana, a murɗa hagu, a kira ɗan aji ya zo, har suka gaji suka bari. Da ƙusar ta fito, a lanƙwashe, Razik ya karɓi filayarsa, ya ce a kawo wa Malam ruwa ya wanke hannu.

Na sami Somapala a bayan tasha, zaune a kan wata tsohuwar taya yana cin roti, wato gurasarmu, da miyar albasa a takarda. Labari ya riga ni isa, na gani a yadda bai miƙe ba. Na miƙa masa damin da hannu biyu. Na fara lanƙwasa gwiwa, sai ya tokare ni da lema a ƙirji.

"Tsaya nan, Tawada. Ka kunyata ni sau ɗaya a tashar bas, ya isa."

Ya goge hannunsa, ya karɓi damin, ya juya shi, ya ɗaga na sama ya duba na tsakiya. Ya tambayi nawa na saya. Na faɗa. Ya girgiza kai, ya ce ganyen shekaranjiya ne aka yayyafa wa ruwa, kuma an ci ni ninki biyu. Ya ce ai ya gaya mini abin da wando ke yi.

Na zauna a kan tayar da ke kusa da tasa, da kwat ɗina. Na fara jero abin da na shirya faɗa tun a bas, ya katse ni. Ya ce maganar mota ba ta dame shi ba, masu saye sun sha guduwa kafin a kai ga ganye, kuma da na zo ran Laraba na ce masa na fasa, da ya san yadda zai yi da Razik. Wasiƙar ce ta tsaya masa. Ya ce ya karanta ta sau uku, babu kuskure ko ɗaya a ciki, kuma bai ga inda na rubuta ta zuwa ga wanda muka zauna benci ɗaya ba. Ya yaga rotinsa biyu ya miƙo mini rabi, muka ci.

Bai koma yadda yake a dā ba. Wata bakwai ba kaɗan ba ne a wannan sana'a. Jami'an da ya sani an canza wa wasu gari, masu saye kuma sun fara neman mota a waya. Ya sake yin shekara uku da 'yan watanni a titin, ciniki jefi-jefi, kafin ciwon ƙirji ya ɗauke shi a daminar 2015. Bai taɓa yarda ya shiga farar motata ba. Sau ɗaya dai ya kafa mata lema ya saurara, ya ce ba ta da laifi, kamar wanda aka tilasta wa yabon surukin da bai zaɓa ba.

Amma ranar Litinin da ta biyo bayan cire ƙusar ina shagon mai shayi tun ƙarfe takwas, don ina so in gani da idona. An mayar masa da kujerarsa. Wajen ƙarfe goma ya shiga filin Razik da wani manomin kwakwa da ke neman ƙaramar motar kaya a lisin. Daga inda nake ina hango su. Maganaɗisu, kafet, lema a jikin inji, bayan mangwaro. Da suka fito, ya kwance ƙullinsa ya zaro ganye ya saƙale a waifa. Dillalan da ke shagon suka juya suna kallo. Razik ya zo ya tsaya a gaban motar, hannuwansa a baya, ya daɗe yana kallon ganyen. Iska ta ɗan ɗaga gefensa. Sai ya sa yatsa ya tura shi ciki sosai don kada ya faɗi, ya koma inuwarsa.

Somapala ya tsallako titi ya zauna, ya jingine lemarsa, ya ce a kawo shayi biyu. Na tambaye shi ko daga damin da na kawo ya zaro wancan.

"Naka?" ya ce. "Wanda zai bushe kafin gobe? Na ba akuyar maƙwabta. Wannan da kaina na saya."